Gidan da Na Bari Ba Fis

Litinin

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara, da fatan ɗinki na tafiya yadda ake so. Ni dai alhamdu lillahi, da sauƙi. Likita ya ce ƙafar sai ta yi wata biyu kafin in taka ta. Muƙamuƙin kuma sun ɗaure shi, ba za su kwance ba sai bayan sati shida, don haka ba na magana, shayi da romo nake zuƙa ta bututu. Hannun dama ne Allah ya bar mini lafiya, shi ya sa kika ga takarda. Direban da ke zuwa nan Litinin da Alhamis ya yarda ya riƙa kai miki yana karɓo amsa.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na rubuto ba. A tsorace nake, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Tun da na faɗo daga rufin nan, sati ukun da suka gabaci faɗuwar sun goge daga kaina. Ban damu ba sai jiya, da nas ta kawo mini ledar kayan da aka cire mini ranar da aka kawo ni. Akwai sabon fis a aljihun rigar. Akwai kuma ɗan zagayen jan salatif, ta ce a babban yatsana na hagu ta yanke shi, ta ɗauka ciwo na rufe, ta duba ba ta ga komai ba.

Ke daga nesa kika san aikina, bari in yi miki bayani. Batirin sola ba shi da makunni. Ko an kashe komai a gida, wutar tana nan cike a cikinsa. In jar waya ta goge, ko ɓera ya ci robarta, ta taɓa baƙa ko wani ƙarfe, duk wutar za ta fito lokaci guda, wayar ta yi jajir, robar ta kama. Fis ne kaɗai ke hana wannan. Shi ya sa nake saka shi a jikin jar waya, taki ɗaya daga kan batir, cikin ɗan baƙin gidansa. In abu ya ɓaci, shi zai ƙone ya yanke wutar.

To wani lokaci sai in gama haɗa komai, in laluba jaka in tarar fis ya ƙare, ga masu gida a tsaye suna jiran su ga fitila ta kama. Sai in yanki guntun bututun jan ƙarfe daidai tsawon fis in cusa, wuta ta kawo, kowa ya yi murna. Shi bututu ba ya ƙonewa, ba ya yanke komai. Sai in naɗa jan salatif a yatsana, ba na cirewa sai na koma na saka fis na gaskiya, kwana ɗaya ko biyu. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Kin ga inda maganar take. Akwai gidan da na bari da bututu, yau aƙalla kwana goma sha biyu, kuma ban san wanne ba ne.

Makullin shago yana wurin maƙwabcina mai gyaran takalmi. Littafin aiki yana kan kanta, ki duba gidajen da na yi a sati ukun ƙarshe, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki cire zobe da awarwaro kafin ki taɓa komai. Ki ja murfin baƙin gidan ki leƙa. Fis fari ne da lamba a jikinsa. In kika ga bututu, ki kashe inbata, ki kwance baƙar waya daga kan batir da sifana lamba goma, sannan ki zare shi da filaya, ki saka wanda na naɗe cikin takardar nan.

Ki ce musu na aiko ki duba aiki ne kawai. Don Allah kada ki faɗi dalili. Ko matata da ke zaune a gefena ba ta sani ba, shi ya sa ban aiko ta wayarta ba. Kada kuma ki nemi wancan mai gyaran na bakin kasuwa, in ya ji, kafin la'asar gari ya ɗauka, kuma shekara tara na yi ina gina sunan nan.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Alhamis

Yaya,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Yara suna gaishe ka, ƙaramar ta ce a tambaye ka ta ina kake atishawa. A gaida Anti da jinya.

Yaya, ka san dai wa ka aika. Ni ce fa wadda ko ƙwan fitila ya mutu sai na jira maigida ya dawo. Sau uku na karanta takardarka, a na ukun sai da na zauna a ƙasa. Da farko haushinka na ji, daga baya tsoro ya kori haushin, na ajiye ɗinkin mutane na ɗauki mayafi.

Gida biyar ne a littafin: mai aski, mai kantin magani, malamar makaranta, mai kiwon kaji, da mai sayar da katifa.

Mai aski da ya gan ni da sifana sai ya tsaya da aski ya ce, "Hajiya tela, yaushe aka koma injiniya?" Na ce tun da injiniyan ya koyi tashi sama ba fiffike. Suna dariya, ni kuwa hannuna rawa yake har murfin ya faɗi ƙasa. Fari ne, da lambarsa. Mai kantin magani ya fi ba ni wahala, mutum ne mai bin diddigi. Me ake dubawa, me ya sa yanzu, akwai matsala ne. Na yi masa ƙarya ina kallon idonsa, gumi na bin bayana. Nasa ma fari ne.

Gidan malama ne ya karya mini zuciya. Batirin yana bayan labule, ga jakunkunan 'ya'yanta jingine da shi, ga ɗan autanta yana rarrafe a wurin. Na fi minti biyar a durƙushe na kasa buɗewa, don ban san me zan ce mata ba in na ga bututu. Ta kawo mini ruwa, tana ta sa maka albarka, wai kai ne mai aikin da ke aiko a duba ko yana gadon asibiti. Ban iya shan ruwan ba. Nata ma lafiya lau, haka na mai kaji, wanda sai da na hau babur har bayan gari, na dawo takalmina ba ya shiga ɗaki.

Ka ga saura ɗaya, kuma ba sai an yi mana duba ba.

Mai katifa ya yi tafiya saro kaya, sai nan da kwana goma. Batiran suna cikin sito, ya garƙame da kwaɗo ya tafi da makullin. Matarsa ta ce ko ita ba ta shiga. Yaya, siton nan cike yake da katifun soso, na leƙa ta ƙasan ƙofa na gani. Bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin da 'ya'yanta huɗu ke kwana. Na sa hanci a jikin ƙofar na ji warin roba, amma ban sani ba ko na sabuwar katifa ne ko na abin da muke tsoro. Na ce ko za ta kashe kayan wuta zuwa ya dawo, ta kalle ni ta ce firjin ƙanƙararta fa, da shi take sana'a.

Ban ga laifinta ba. Wa zai fasa ƙofar mijinsa saboda wata tela ta ce duba aiki ne kawai? Ka ba ni izini in gaya mata gaskiya. Tun jiya duk hayaƙin da na hango sai gabana ya faɗi, ko na masu shara ne.

Allah ya tashi kafaɗunka.
Auta

Litinin

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum, bayan gaisuwa da godiya mai yawa. Allah ya saka miki, na san na ɗora miki abin da ba naki ba.

Da na karanta maganar siton, wani abu ya dawo mini, kuma da ma bai dawo ba. Na ga kaina a tsugune tsakanin katifu har rufi. Na tuna jar wayar ba ta kai ba, sai na bi da ita ta kusurwar taga, a kan bakin ƙarfe, na ce in na dawo da fis zan zura mata tiyo. Tagar nan tana motsi duk lokacin da iska ta kaɗa. Tun da na tuna haka jikina ke rawa, nas ta auna ni sau biyu ta ce zazzaɓi ne. Ina kwance ina jin ƙarar tagar a kunnena, ga baki a ɗaure, ko ihu ba ni da halin yi.

Kashe firji ba zai yi maganin komai ba, ki daina wahalar da kanki a kan wannan. Sai an kwance wayar daga kan batir.

Amma Auta, ki ƙara mini haƙuri kaɗan. Ki karɓi lambar mijin, ki ce masa ruwan batir ne zai ƙafe, in ba a ƙara ba batiran za su lalace. Ɗan kasuwa ne, in ya ji asara zai ce a buɗe. In kin shiga ki tura matar ta kawo miki wani abu, ki canza kafin ta dawo. Na san abin da nake roƙo ba shi da kyau. Amma mutumin nan bakinsa ba ya shiru, kuma in maganar ta fita, ba wanda zai ƙara bari in taɓa masa waya. Ga ni a kwance, ga yara biyar, ban iya wata sana'a ba.

Ki je yau ɗin nan in takardar ta same ki da rana. Ki naɗe hannun sifanar da tsumma, kada ta haɗa kan batir biyu.

Na bar ki lafiya.
Yayanki

Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata jiki da sauƙi. Ka gyara kwanciya kafin ka karanta, doguwa ce kuma ba duka ce mai daɗi ba.

Na yi yadda ka ce. Matar ta kira mijin ta miƙo mini, na karanto masa ƙaryar ruwan batir. Ya ce batiran da ba su yi wata ba ne za su sha ruwansu? A jira shi. Ya kashe. Ina tsaye a tsakar gidan da wayar a hannu, iska ta taso, na ji tagar siton ta yi ƙara, ƙiiii, ta koma. Yaya, ka yafe mini ko kada ka yafe, a nan na saɓa maka. Na ce mata, "Maman yara, ƙarya nake yi miki tun ranar farko." Na gaya mata komai, da bututun da tagar.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta dube ni kawai, ta shiga ɗaki ta fito da yaran ɗaya bayan ɗaya ta tsayar da su a waje, ta ce kada wanda ya motsa. Ta shiga gidan maƙwabcinsu mai gyaran keke ta aro guduma. Da hannunta ta fasa kwaɗon, bugu huɗu.

Zafin da ya bugo mu kamar an buɗe murfin tukunya. Muka riƙa jan katifu muna jefarwa tsakar gida har muka kai tagar. Robar jar wayar ta yanke fiye da rabi, ina ganin jan ƙarfen ciki da idona, tsakaninsa da bakin tagar bai kai kaurin farce ba. Na kashe inbata, na naɗe sifana da ɗankwalina, ina karanta duk addu'ar da na iya. Sifanar ta zame sau ɗaya, na ga ɗan tartsatsi, na tabbata na mutu. Baƙar wayar dai ta fita. Na buɗe gidan fis, ga bututunka nan sabo fil yana ƙyalli. Na zare shi. Ban mayar da wayar ba, don wannan jar sai an canza ta, ko ni tela na gane haka.

Na zauna a kan katifar mutane na yi kuka mai isata. Na ce shi ke nan, Allah ya rufa asiri, yau zan rubuta wa Yaya ya yi barci.

Ina share hawaye sai ga matar mai gyaran keken, ta biyo gudumarsu. Ta ce, "Ashe ke ƙanwar Mai Sola ce? Ai mu ma shi ya haɗa mana, shekara biyu ke nan. Tunda kin zo, leƙa mana namu mana." Na tafi ina murmushi, wallahi don in faranta mata ne kawai, gidanta ba ya cikin biyar ɗin.

Batirinsu yana ƙarƙashin gadon surukarta. Tsohuwa ce, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta tashi sai an ɗaga ta. Ta ce mini sannu 'yata, na ce yauwa Iya, na kwanta rub da ciki na jawo gidan fis. Murfin ya ƙi buɗuwa don ƙura da yanar gizo, sai da na sa filaya.

Bututu ne, Yaya. Ba sabo ba. Ya yi kore, ya manne, sai da na murɗa shi kafin ya fito.

Shekara biyu tsohuwar nan tana kwana a kansa. Na kwance baƙar wayar, na saka fis ɗin da ka aiko, na mayar, ban san ma yadda na yi ba. Matar tana tsaye tana ba ni labari, wai ranar da ka haɗa musu kana gamawa aka kira ka a waya, ka fita a guje ko sallama babu, har ka bar filayarka, ga ta nan sun ajiye maka. Na tambaye ta wane wata ne. Ranar da Baba ya rasu ce.

Na so in ce to ai shi ke nan, ranar ce kawai, wa zai tuna da salatif a irin wannan rana. Har bakin titi ina faɗa wa kaina haka. Amma ƙafata ta kai ni shagonka. Littattafan aikinka huɗu ne, na ƙirga gida ɗari da sittin da uku. A ciki akwai makarantar yara, akwai ɗakin haihuwa na bayan gari, akwai gidana.

Na gida na buɗe shi kafin in cire mayafi, fari ne. Saura ɗari da hamsin da shida, ni kuma mace ɗaya ce da sifana ɗaya.

Ga guntayen biyu na naɗo maka, ka riƙe su a hannunka. Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka amsa mini da bayanin waya. Za ka iya rantsewa babu na uku? In za ka iya, na yarda da kai, in yi shiru har abada. In ba za ka iya ba, ka san abin da ya rage.

Allah ya ba ka lafiya, da gaske nake.
Auta

Litinin

Yaya,

Salamu alaikum, ya jiki? Direba ya zo hannu biyu. Ya ce ya tsaya a bakin gadonka, ka juya fuska bango.

Ban zauna ba. Tun Juma'a na bi gida goma sha ɗaya, na fara da ɗakin haihuwa. Duka fari ne, amma wasu gidajen an tashi, wasu kwatancenka ba mai gane shi sai kai. A haka sai in shekara ban gama ba. Mai katifa ya dawo, ya zo har gida, ban ɓoye masa komai ba. Ya yi faɗa, daga baya ya tambayi jikinka.

Ba na so a ji daga bakina, Yaya. Kai ka goya ni, ba ni zan tsaya a kasuwa in tona ka ba. Amma jiya na ga motar kashe gobara ta wuce, na bi ta da gudu ba takalmi har kwana biyu na titi, ashe wanki za a kai ta. Ba zan iya rayuwa haka ba. Ina jiran ka zuwa Alhamis.

Ki gaida, au, ka gaida Anti. Ka ga yadda kaina ya koma.
Auta

Alhamis

Auta,

Wa alaikumus salam. Na gode.

Kwana bakwai ina bin gidajen a kaina. Ba zan iya rantsewa ba. Na ba matata takardunki ta karanta.

Ki kai wa mai gyaran bakin kasuwa littattafan huɗu, ki ce ina roƙonsa, ya fi ki sauri kuma ya san aikin. Sannan ki sa a rubuta wannan da manyan baƙi, a manna a ƙofar shago da tasha da bakin kasuwa, a kuma karanta a rediyo:

"Duk wanda Mai Sola na layin masu takalmi ya taɓa haɗa wa batir, kada ya kwana bai sa an buɗe masa gidan fis ba. A wasu gidaje na saka bututu maimakon fis, kuma ban san adadinsu ba. Zai iya jawo gobara. Laifina ne ni kaɗai."

Kada ki rage ko kalma ɗaya don tausayina. Ku fara da gidajen da ke da tsofaffi da ƙananan yara, kuma kada ki sake jiran amsata a kan komai.

Allah ya tsare su, ya tsare ki.
Yayanki